Tarihin Waƙoƙin Reno A Sabo: Daga Bakin Kaka Zuwa Wayar Hannu

A wannan fitowa, filinmu na tarihi zai ɗan ajiye zancen goro da shanu da sarauta da muka saba kawo muku, ya leƙa cikin gida, can ƙuryar ɗaki inda ake jijjiga jariri. Abin da ya jawo haka kuwa, wani abu ne da ya faru kwanakin baya a wani gidan suna a nan unguwarmu, matan gidanmu suka dawo mana da labarinsa.

Ana cikin hidima sai wata yarinya 'yar wata takwas ta ɓarke da kuka, ta ƙi nono, ta ƙi goyo. Uwarta, wadda haihuwar nan Sabo ce, ta zaro waya ta kunna mata waƙar yara ta Turanci, ta kanga mata a fuska. Yarinya ta ɗan yi shiru, can sai ta sake dasawa. Sai wata tsohuwa da ke zaune a gefe, wadda ta haura shekara 80, ta ce, "Ke 'yar nan, miƙo mini kishiyar tawa." Ta kwantar da ita a cinya, tana ɗan bubbuga bayanta, tana rera wata waƙa ƙasa-ƙasa. Kafin a gama kwashe tuwo yarinya ta yi barci. Mata suka ce, "Iya, don Allah maimaita mana." Ta maimaita. Wallahi a cikin matan da suka cika tsakar gidan nan, waɗanda ba su kai shekara 40 ba, babu ko ɗaya da ta taɓa jin waƙar. Iya ta ce ita ma a wurin kakarta ta ji ta, kakar kuwa da ƙafa ta zo Kurmi, tun ba a haɗa hanyar jirgi da Kano ba.

To kun ji fa. Waƙar da ta yi sama da shekara 100 tana tafiya daga baki zuwa baki, ran nan mutum ɗaya tak aka samu mai riƙe da ita a cikin taron. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwaya, mu ga yadda waɗannan waƙoƙi suka biyo kakanninmu zuwa nan, da yadda aka yi suka fara kuɓuce mana.

Wa Ke Yi Wa Yaro Waƙa A Can Gida?

Abu na farko da ya kamata matasanmu su sani shi ne, a tsohuwar al'adar Bahaushe, waƙar reno ba ta rataya a wuyan uwa ita kaɗai ba. Dalili kuwa kunya. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle a ji ta tana koɗa shi da waƙa. Uba ma haka. Idan cikin fari ya tsufa, yarinya takan koma gidan iyayenta goyon ciki, a can za ta haihu, a can za ta yi wankan jego na kwana 40, tana shan kunun kanwa. Duk tsawon kwanakin nan jariri yana hannun kaka da gwaggo da inna. Su ne masu yi masa wanka da gashi, su ne kuma masu yi masa waƙa. Idan yaye ya zo wajen shekara biyu, nan ma gidan kaka ake kai shi.

Tsakanin kaka da jika kuwa babu kunya, sai wasa. Jika namiji mijinta ne, mace kishiyarta ce, kamar yadda kuka ji Iya ta faɗa. Saboda haka kaka tana da damar ta tsokane shi a waƙa, ta yaba shi, ta yi masa kirari yadda ta ga dama. Bayan kaka sai 'yar reno, wato yaya ko 'yar gwaggo mai shekara bakwai zuwa goma, wadda ake ɗaura wa yaro da zane da majanyi. Ita kuma abin da ta ji a dandali wurin gaɗa shi take rage wa ƙarfi ta rera wa ƙaninta.

Wanda ke son ya ga hoton wannan zama a rubuce, sai ya nemi littafin Baba ta Karo. Wata tsohuwa ce ta ƙasar Zazzau, an haife ta wajen 1877, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi riƙon 'ya'ya, kuma ta yi bayanin kunyar ɗan fari da yaye da riƙo dalla-dalla, ga waƙoƙin mata da na yara birjik a cikin labarinta.

Su kansu waƙoƙin, idan muka dubi abin da ke cikinsu, iri-iri ne. Akwai na rarrashi, inda ake shaida wa yaro cewa uwarsa ta tafi rijiya ko niƙa, tana nan dawowa da tsaraba. Akwai na kirari, inda ake lissafa masa iyayensa da kakanninsa da garinsu da sana'ar gidansu, maƙera ne ko marina ko fatake. Akwai na fata da addu'a, Allah ya raya, ya yi karatu, ya hau doki, ya riƙe iyaye. Akwai na ban tsoro da kura ko dodo don yaro ya yi lamo. Daɗin daɗawa akwai na habaici, waɗanda da yaro ake yi wa su a baki, amma da kishiya ko uwar miji ake. Macen da ba ta da bakin magana a gidan miji, a nan take amayar da abin da ke cinta, ba mai ce mata don me. Ban da waɗannan kuma ga waƙoƙin niƙa da na daka. Yaro yana goye uwa tana kan dutse ko bakin turmi, jikinta na kai da komo, waƙa na tafiya daidai da taɓarya. Da wannan jijjigar da wannan muryar yake barci.

Yadda Waƙoƙin Suka Sauko Kurmi

Kakanninmu sun daɗe suna ratsa ƙasar Yarbawa tun a ƙarni na 19, wasu kan hanyar fataucin goro, wasu da shanu, wasu da kanwa da tufafi. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Ikko a 1901, sannan a 1912 hanya ta haɗu har Kano. Daga nan ne zuwa ya yawaita. Da fari mutanenmu a warwatse suke cikin gidajen Yarbawa a tsakiyar gari. A 1916 ne hukuma ta keɓe mana wannan wuri da muke kira Sabo, kusa da Mokola.

Waɗanda suka fara tarewa yawancinsu maza ne, 'yan ci-rani da dillalai da masu ɗaurin huhun goro. Mata sun biyo baya da kaɗan-kaɗan, kuma daga wurare dabam-dabam: Kano, Katsina, Zazzau, Sakkwato, Daura, Haɗeja, har da Damagaram da Maraɗi. A nan wani abu ya faru wanda ba kasafai yake faruwa a ƙauyen can gida ba. A gidan mai gida guda sai ka tarar da Bakanuwa da Basakkwata da Bazazzagiya suna girki a murhu ɗaya. Kowace da waƙar garinsu, da karin harshen garinsu. Yaron Sabo na wancan zamani yakan ji waƙar gari uku ko huɗu kafin a yaye shi. Shi ya sa har gobe, in kuka saurari tsofaffinmu, za ku ji waƙa ɗaya da kalmar Sakkwatanci a farkonta da ta Kananci a ƙarshenta.

Sai dai akwai abin da aka baro a baya, wato kaka. Tsohuwa ba ta biyo ɗanta Kurmi ba. To yaya aka yi? Manyanmu sun ba mu labarin hanyoyi biyu. Ta farko, mai hali yakan sa matarsa a jirgi ta tafi goyon ciki Arewa, ta dawo bayan arba'in ko fiye, da jariri a baya da sababbin waƙoƙi a baki. Ta biyu, Sabo ta ƙirƙiro kakanninta. Uwargidan mai gida, da ungozoma, da tsofaffin da suka daina aure suka zauna suna sayar da ƙuli-ƙuli da daddawa, su suka zama kakannin kowa. Ɗa na kowa ne, in ji masu iya magana, a Sabo kuwa dole ce ta sa aka aikata wannan karin magana.

Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna da mu daga 1962 zuwa 1963, ya buga littafinsa a kan Sabo a 1969. A lokacin ya ƙidaya mu sama da mutum 4,000. Ƙarfin littafin yana kan cinikin goro da shanu da sarauta da ɗariƙa, amma ya lura da abubuwa biyu da suka shafi zancenmu. Na ɗaya, riƙon 'ya'ya ya yawaita ƙwarai a Sabo, yaro yakan tashi a hannun wadda ba ita ta haife shi ba. Na biyu, matan aure suna cikin kulle, amma su ke riƙe da sana'ar dafaffen abinci, yara na yi musu talla. Ku auna wannan zama da kanku. Mata suna gida wuni zubur, ga daka, ga niƙa, ga suya, ga jarirai a baya, ga uwar riƙo wadda babu kunya tsakaninta da ɗan da take riƙo. Ai kuwa irin wannan gida ba ya rabo da waƙa.

Maƙwabtanmu Yarbawa su ma ba baya ba ne a wannan fage. Suna da waƙoƙin rarrashinsu da suke kira orin aremo, kuma idan yaro ya ƙi shiru, kakarsa takan jero masa oriki, wato kirarin zuriyarsu, har ya sauko. 'Yan tallanmu da suka saba shiga Mokola da kasuwannin gari sukan kwaso wasu su shigo da su gida. Iyaye ba su ɗauki wannan a bakin komai ba, domin na gida yana nan da ƙarfinsa.

Sauye-Sauyen Da Suka Biyo Baya

Sauyi na farko daga masallaci ya zo. Tsakanin 1951 da 1952 yawancin mutanen Sabo suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya, a zamanin da sunan Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ya cika ƙasa, kuma a 1952 Sabo ta fara sallar Juma'arta ita kaɗai. Daga nan jariran unguwa suka riƙa tashi da sautin wazifa da zikiri. Mata da yawa suka koma rarrashin yaro da hailala da salati da begen Annabi, da karin Ishiriniya ta Alfazazi, da na Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, wadda almajirai da makafi ke yawo da ita ƙofa-ƙofa. Waƙoƙin habaici da na dodo suka fara ja da baya, na addu'a suka ƙara gaba. Da makarantun Islamiyya suka yaɗu daga ƙarshen shekarun 1970, sai waƙoƙin haruffa da na shika-shikan Musulunci suka shigo bakin 'yan reno. Duk da haka uwa ce ko yaya ke rerawa da bakinta, yaro na jikinta.

Sauyi na biyu inji ne. Da injin niƙa ya yawaita a unguwa, dutsen niƙa ya koma bayan ɗaki, waƙoƙinsa suka bi shi. Sai kuma akwatin rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, a nan Ibadan kuma aka buɗe gidan talabijin tun 1959. Daga baya kaset ya zo, muryar Alhaji Mamman Shata da ta Barmani Coge suka shiga kowane tsakar gida. Alhamdu lillahi, rediyo ya riƙe mana Hausa, ya sada mu da gida. Sai dai daga lokacin ne aka fara sabawa da a kunna waƙa maimakon a rera ta.

Sauyi na uku makaranta ce. Gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta fara ba da ilmin firamare kyauta a 1955, amma da fari iyayenmu ba su sake jiki da ita ba, allo suka fi riƙewa. Da shirin ilmin firamare na ƙasa baki ɗaya ya zo a 1976, sai 'ya'yanmu suka shiga da yawa, har da mata. Wannan alheri ne, babu mai musu. Amma a aji da Yarbanci da Turanci ake koyarwa, kuma 'yar reno da ke wuni da ƙaninta a baya yanzu tana makaranta. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, makarantun gwamnati suka shiga wani hali, makarantun kuɗi na renon yara suka tsiro ko'ina. Yaro ɗan shekara biyu, wanda a da yake gidan kaka wurin yaye, sai ga shi da jaka da ɗan kwandon abinci, yana haddace waƙoƙin yaran Ingila.

Waɗanda suka manyanta a cikinmu za su tuna 1993, bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, lokacin da zaman ɗar-ɗar ya sa da yawanmu muka tura mata da yara Arewa. Ba ma fatan Allah ya maimaita mana. Amma mun ga wani abu da idonmu. Yaran da suka yi 'yan watanni a hannun kakanninsu sun dawo da Hausa tangaran, da tatsuniyoyi, da waƙoƙin da mu iyayensu muka manta.

A ƙarshen shekarun 1990 finafinan Hausa na Kano suka cika gidaje, 'yan mata suka koma jijjiga ƙannensu da waƙoƙin fim. A 2001 wayar hannu ta shigo ƙasar nan, daga baya ta zo da intanet. Ga kuma matsin wuri. Sabo ta cika ta batse, sababbin ma'aurata suka riƙa kama ɗaki ciki da falo a Ojoo da Shasha da Apata da sauran unguwanni, daga miji sai mata sai jariri. Babu kaka, babu gwaggo, babu 'yar reno. Uwa kuma ta taso da kunyar da ta gada, ba ta iya waƙar ba domin ba ita aka saba ji tana yi ba. To me ya rage a hannunta in ba waya ba? Saboda haka kada mu yi saurin ɗora wa yarinyar nan ta gidan suna laifi.

Abin Da Ke Tafiya Tare Da Waƙar

Wani zai ce, to mene ne a ciki, ba dai yaro ya yi shiru ba? Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masana sun tabbatar jariri yana jin muryar uwarsa tun yana ciki, kuma yana gane ta da zarar an haife shi. Wani bincike da aka buga a 1984 daga ƙasar Kanada ya nuna cewa jariri ɗan wata shida yana iya bambance sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, amma kafin ya cika shekara ɗaya kunnensa ya karkata ga sautukan harshen da ake yi masa. Ke nan a shekarar nan ta goyo ake kafa harshe.

Mu da ke zaune nan ba sai an kawo mana masana ba, gani ya kori ji. Sau nawa muke jin 'ya'yanmu suna cewa kafa maimakon ƙafa, daki maimakon ɗaki, bera maimakon ɓera? Sau nawa muke jin yaro ya ce mamansa ya tafi kasuwa? Waƙar reno tana jan wasali, tana fito da hawa da saukar murya, tana maimaita kalma ɗaya sau goma a dare ɗaya, yaro yana kallon bakin mai yi. Ban da harshe kuma, a cikin waƙar kirari ne yaro ke fara jin sunan kakansa da sunan garinsu. Yau akwai samari a Sabo da in ka tambaye su asalinsu, iyakar amsarsu ita ce Arewa. Yarbanci da Turanci kuwa kada kowa ya ji tsoro, yaranmu za su iya su a titi da makaranta, kuma muna so su iya, domin da su za su ci abinci su zauna lafiya da maƙwabta. Hausa ce ba ta da inda za ta same su a nan in ba a cikin ɗaki ba.

Kiranmu

Muna roƙon ɓangaren mata na ƙungiyarmu da su ɗauki wannan aiki tun tsofaffinmu na da rai. Wayar nan da muke kuka da ita tana ɗaukar murya. Kowace mai kaka ko suruka ko maƙwabciya tsohuwa, ta je ta durƙusa ta gaishe ta, ta roƙe ta ta rera abin da ta sani. A rubuta wanda ya koya mata, da garin da waƙar ta fito. Abin da aka tara sai mu raba wa iyaye mata a gidajen suna, mu kuma aika wa sassan nazarin Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo, da Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ibadan da ke nan kusa da mu. Ranar Hausa ta Duniya, wadda ake yi kowace 26 ga Agusta tun 2015, ta isa ta zama ranar da za mu tara iyayen namu mu saurare su. 'Yan uwanmu na Shagamu da Agege da Abeokuta da Ile-Ife, wannan kira har da ku.

Mu maza kuma, kunya ado ce, ba mu ce a yar da ita ba. Amma kakannin da suka gadar mana da ita sun bar wa yaro kaka da gwaggo a tsakar gida. Inda babu su, to uban da ya yi wa ɗansa huɗuba a kunne ranar haihuwa, babu laifi in ya dawo daga kasuwa ya ɗauke shi a kafaɗa, ya yi masa salati, ya faɗa masa sunan kakansa da garinsu da Hausa.

Iya kuwa, matan gidanmu sun koma sun gaishe ta da goro da sabulu, ta rera musu waƙoƙi shida, ta ce akwai saura in ta tuna. Allah ya ƙara mata lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya mana zuriya bisa tafarki nagari, amin.